BAYANI: Abin da warin akwatin jita na gwanjo ke nunawa, da yadda ake kawar da shi ba tare da guba ba

Matashin da ya shafe watanni yana tara kuɗi domin ya mallaki jita yakan gamu da jarrabawarsa ta farko tun kafin ya taɓa tsirkiya. A bakin shago, cikin hayaniyar kasuwa da hayaƙin janareta, hanci ba ya tantance komai. Sai an isa gida, an rufe ƙofa, an ɓalle maɓallan akwatin, sannan warin ya taso. Wani lokaci irin na ɗakin da ya shekara a kulle ne, wani lokaci ƙaurin taba, wani lokaci kuma zarni. Kafin gari ya waye ya kama labule da katifa, ya kuma shige cikin jitar kanta.

Abin da kan biyo baya sananne ne. A turara akwatin da turaren wuta, a jefa ƙwayoyin kafur a ciki, idan abin ya ƙi a yayyafa fiya-fiya a rufe. Biyu daga cikin waɗannan dabaru guba ne ga mutanen da ke kwana a ɗakin, ta ukun kuma rufe warin kawai take yi na 'yan kwanaki. Wari alama ce ta cewa akwai wani abu mai rai ko mai ruɓewa a cikin akwatin, kuma kowane iri da nasa magani. Wanda ya gane tushen zai iya gyara akwatinsa da rana, iska, gawayi da haƙuri.

Me ya sa matasa suka koma ga jitar gwanjo?

Mafi yawan jitocin da ake kaɗawa a Najeriya da Nijar daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala sau da ƙafa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake samu a hukumance kan kimanin naira 460 ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Ga ɗalibin da ke koyon kiɗa, da mai kaɗa jita a coci a Jos ko Kaduna, da mai ƙaramin situdiyo a Kano, sabuwar jita ta fi ƙarfin aljihu. Sai aka koma ga ta hannu.

Ƙarancin kayan kiɗa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Mdou Moctar, makaɗin Nijar da yanzu ke cika dandali a Turai da Amurka, ya sha ba da labarin yadda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke. A inda kayan aiki ke da wuya haka, akwati ba ado ba ne. Shi ne ke kare jitar daga ƙura, zafi da karyewa a bayan babur ko a but ɗin motar haya. Jefar da shi saboda wari asara ce, ajiye shi da warinsa kuma haɗari ne.

Daga ina warin yake fitowa?

Akwatin jita mai tauri yana da ɓawo huɗu ko biyar. Ƙashinsa falanki ne mai siriri ko kwali da aka matse, a wasu na zamani kuma roba mai tauri. Daga waje an lulluɓe shi da leda mai kama da fata. Daga ciki akwai soso ko auduga, a kansu an shimfiɗa ƙyalle mai laushi irin karammiski, sannan gam ya haɗe su duka. In ban da ledar waje da ƙarafan maɓalli, kowane ɗaya daga cikinsu yana shan danshi yana kuma riƙe wari. Tsofaffin akwatuna da dama da gam ɗin fatar dabba aka haɗa su, wanda abinci ne ga ƙwayoyin cuta da zarar ya jiƙe. An ƙera akwatin ne domin ya rufu ruf, saboda haka duk abin da ya shiga ba shi da hanyar fita.

Tafiyar da kayan ke yi tana ƙara dagula lamarin. Akwatin da aka jibge shekaru a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko garejin wani gida a Turai ko Amurka ya riga ya sha laima kafin a loda shi. Sunan "Beljiyam" da ake kiran kayan hannu da shi a kasuwannin Najeriya yana da nasaba da tashar jiragen ruwa ta Antwerp, inda ake lodin tsofaffin motoci da kayayyaki zuwa Afirka ta Yamma, kamar yadda "ɗan Kwatano" ke nuni da tashar da ake sauke su. A cikin teku, kwantena takan yi zafi da rana ta huce da dare, tururin da ke ciki ya taru a rufinta ya riƙa ɗiga kan kaya. Daga nan sai zaman jira a tashar Legas ko Kwatano, inda danshin iska ke yawan haura kashi 80 cikin ɗari, sai kuma rumbunan ajiya na manyan kasuwanni irin Alaba.

Hatta siyasa tana da hannu a ciki. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin, kuma Yamai ta ci gaba da rufe nata ɓangaren ko bayan da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da jinkiri. Kowane ƙarin mako a cikin rufaffiyar kwantena ƙarin dama ce ga fumfuna, wadda kwana ɗaya zuwa biyu ke isarta ta fara tsiro a kan abin da ya jiƙe.

Kowane wari da ma'anarsa

Wanda aka fi cin karo da shi shi ne warin fumfuna, mai kama da na tufafin da aka naɗe ba su gama bushewa ba. Fumfuna halitta ce mai rai, tana cin ƙyalle, gam da katako, tana fitar da iska mai wari a yayin da take ci. Muddin ana jin warin da ƙarfi, to ko tana raye ko kuma gawarta tana nan jibge. Takan bayyana a matsayin fari ko koren gari a kusurwoyi, ko baƙaƙen ɗigo a ƙarƙashin matashin da wuyan jita ke kwanciya a kai. Sau da yawa ba a ganinta sam, domin tana bayan ƙyallen.

Na biyu shi ne ƙaurin taba. Ƙasar Ayalan ta haramta shan taba a wuraren aiki da mashaya a 2004, Ingila ta bi sahu a 2007. Jitar da ta yi aikin dare a irin waɗannan wurare kafin lokacin ta sha hayaƙi na shekaru. Hayaƙin taba yana barin wani maiƙo mai ruwan ɗorawa da ke manne wa ƙyalle da leda, kuma yana ci gaba da fitar da wari shekara da shekaru bayan an kashe sigarin ƙarshe.

Na uku zarni ne, na kyanwa ko na ɓera. Fitsari idan ya bushe yana barin wani gishiri da ba ya narkewa a ruwa cikin sauƙi. Da rani sai a ɗauka ya tafi, da damina ta kama iska ta yi nauyi sai ya dawo kamar jiya aka yi shi.

Na huɗu warin sinadari ne, kuma shi ya fi buƙatar lura. Idan soson cikin akwatin ya tsufa yakan marmashe ya zama gari ko ya yi danƙo, yana fitar da wari mai tsami. Idan kuwa warin mai yaji ne da ke shiga hanci, sannan ƙarafan jitar sun yi tsatsa ko kore a gefe guda, to mai yiwuwa laifin ba na akwatin ba ne. Tsofaffin jitoci da yawa suna da faranti na kare fuska ko ado na gefe da aka yi da seluloyid, wata tsohuwar roba da idan ta fara ruɓewa take fitar da iska mai asid. A rufaffen akwati wannan iska tana cin ƙarfe, fenti da ƙyalle. Maganin shi ne a cire farantin a raba shi da jitar, a kuma nisanta shi da wuta, domin seluloyid yana kamawa nan take.

Shin yana da illa ga lafiya?

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta alaƙanta zama da su da tari, ƙaiƙayin hanci da maƙogwaro, da tashin asma. Akwatin jita ba gini ba ne, amma a ɗakin ɗalibai ko ɗaki ɗaya da iyali ke kwana, yakan zauna ƙarƙashin gado ko jingine da bango kusa da kan mai barci. Duk buɗewa da rufewa tana hura ƙurar fumfuna cikin iskar da ake shaƙa.

Ga mai cikakkiyar lafiya, abin bai cika wuce atishawa da jan ido ba. Ga wasu kuwa lamarin ya fi haka nauyi. Nau'in fumfuna da ake kira Aspergillus fumigatus yana cikin rukunin mafi haɗari a jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022. Yana iya kafa sansani a huhun da tarin fuka ya bar wa rami, ko a jikin wanda garkuwarsa ta yi rauni. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya. Duk wanda ya taɓa yin wannan ciwo, ko yake da asma, bai kamata ya zama shi ne mai kakkaɓe akwatin ba.

Ragowar hayaƙin taba ma ba wari kawai ba ne. A 2010 masu bincike a cibiyar Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya sun nuna cewa nikotin da ya manne a jikin kaya yana haɗuwa da wani sinadari da ke fitowa daga wutar gas da injin mota, ya rikiɗe zuwa sinadarai masu haddasa ciwon daji. Adadin da ke cikin akwati ɗaya bai kai na ɗakin mashayi ba, amma dalili ne isasshe na hana yara masu rarrafe wasa a cikinsa.

Kashin ɓera yana da nasa gargaɗin. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera, kuma ya fi tsananta da rani. Idan aka tarar da sabon kashi a cikin akwatin da ya kwana a rumbun ajiya, kada a share shi a bushe ƙura ta tashi. A jiƙa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a waje, a kwashe da takarda da safar hannu.

Magungunan da suka fi cutar illa

Ƙwayoyin da ake kira kafur a kasuwa galibinsu naftalin ne, sinadarin da ke narkewa kai tsaye ya zama iska. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a matsayin maganin asu tun 2008, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ake zargi da haddasa cutar. Haɗarinsa na kusa ya shafi jini. Kimanin mutum miliyan 400 a duniya suna da ƙarancin wani sinadarin jiki na gado mai suna G6PD, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da abin ya fi yawa, musamman a tsakanin maza. A jikin irin waɗannan mutane naftalin yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna alaƙanta shi da mummunar shawara a jarirai da aka sa wa tufafin da aka adana da kafur. Mafi yawan masu wannan ƙaranci ba su san suna da shi ba. Ga shi kuma kafur ba ya cire wari, nasa yake ɗorawa a kai, wanda ya fi na farkon wuyar fita.

Fiya-fiya da Sniper maganin ƙwari ne mai sinadarin DDVP, wanda ke hana jijiyoyin jiki aikinsu. Alamomin gubarsa sun haɗa da zubar yawu, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana shigowa da sarrafa ƙananan kwalabe masu mililita 100 na nau'in da aka yi don gona, ta kuma haramta sayar da shi a buɗaɗɗun kasuwanni da kantuna daga ranar 1 ga Satumba, bayan yawaitar mace-mace da aka danganta da shi. Duk da haka bai ɓace daga teburan 'yan tireda ba. An yi shi ne don ƙwari, ba ya maganin fumfuna ko ƙaurin taba. Soson akwati kuma yana shanye shi ya riƙa sakinsa a hankali, daidai inda makaɗi ke sunkuyawa kullum. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Turaren wuta da turaren fesawa ba su kai waɗannan haɗari ga mutum ba, amma suna ɓata aikin. Hayaƙin turare yana barin mai da ƙaro a kan ƙyalle, bayan mako guda sai a samu gaurayen ƙamshi da wari da ya fi kowannensu muni. Turaren fesawa yana ɗauke da sifirit, wanda ke ɓata fentin naitiroselulos da kamfanoni irin Gibson da Martin ke shafa wa jitocinsu, haka ma tsofaffin Fender.

Ruwan Hypo ko JIK yana kashe fumfuna a kan tayil, amma a kan ƙyalle yana cinye launi, yana sa maɓallai tsatsa, kuma ba ya kai wa ga saiwar da ta nutse cikin katako. Babban gargaɗi shi ne kada a taɓa gauraya shi da ruwan khal ko da kayan wanki masu amoniya, domin haɗin yana fitar da iska mai ƙona huhu.

Sai na'urar ozon da wasu masu gyaran mota da otal-otal ke amfani da ita. Tana rage ƙaurin taba, sai dai hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yawan ozon da ke iya yin wannan aiki ya wuce abin da huhu zai jura. Yana kuma tsattsaga roba yana tsofar da soso. Wanda zai yi amfani da ita sai a ɗakin da babu mutum, babu dabba, babu jitar, sannan a buɗe tagogi kafin a shiga.

Yadda ake kawar da warin

Matakin farko shi ne raba jita da akwati. Duk abin da za a yi wa akwatin, ba a yinsa da jitar a ciki.

A fitar da akwatin tsakar gida, a sa takunkumi da safar hannu, a bincika shi da tocila. A duba ɗinki, kusurwoyi da ƙaramin aljihun da ake ajiye tsirkiya. Ƙananan baƙaƙen ɗigo jere a bakin ɗinki da ɓawon ƙwari alamar kuɗin cizo ce, wanda ke iya rayuwa watanni ba tare da ya sha jini ba. Irin wannan akwati kada ya shiga ɗaki. Idan aka ga ƙananan ƙunshi na takarda, masu ƙwayoyi kamar tsakiya silika ce mai shan danshi, ba ta da illa in ba haɗiya aka yi ba. Wanda ba shi da rubutu kuma yake ɗauke da farin gari, a jefar da shi ba tare da taɓawa da hannu ba. Tsakanin 2006 da 2008 irin wannan ƙunshi mai sinadarin DMF, da ake cusawa cikin kujeru da takalma don hana fumfuna, ya ƙona fatar mutane da dama a Finlan, Birtaniya da Faransa, har Tarayyar Turai ta haramta shi a 2009.

Daga nan a goge ƙyallen da buroshi mai laushi, a zuƙe ƙurar da na'ura. Wanda ba shi da ita zai same ta a wuraren wankin mota da yawa a birane. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin matacciyar fumfuna ma tana tayar da asma. Kashe ta bai isa ba, sai an kwashe ta.

Sai shanya. A buɗe akwatin baki ɗaya a rana da safe, awa biyu zuwa uku, a mayar da shi inuwa inda iska ke kaɗawa, a maimaita na kwana uku zuwa mako guda. Hasken rana yana kashe fumfunar da ke sama, zafi yana koro danshi da warin da ya maƙale. A guji tsakar ranar watan Maris zuwa Mayu, kuma kada a bar shi a rufe a rana ko cikin mota. Gam yana fara saki idan zafi ya kai wajen digiri 60, leda ta kumbura, murfi ya karkace ya daina rufuwa.

Inda tabon fumfuna ya rage, a jiƙa tsumma kaɗan da sifirit ko ruwan khal da aka sirka da ruwa, a matse sosai, a riƙa dannawa a kan tabon. A fara gwadawa a ɓoyayyen lungu, domin wasu ƙyallayen suna zuba. Kada a kwarara ruwa a ciki. Ruwan da ya ratsa ƙyalle ya isa ga soso da falanki shi ne zai haifar da sabuwar fumfuna. Ledar waje, wadda ke riƙe mafi yawan maiƙon taba, ana wanke ta da tsumma da ruwan sabulu mai sauƙi har sai tsumman ya daina yin ɗorawa. Zarni kuwa ya fi jin maganin wanki na musamman mai narkar da gishirin fitsari, irin wanda ake samu a shagunan kayan dabbobin gida.

Bayan ya bushe sarai sai a shiga matakin tsotsewa. Bekin soda yana kashe warin da ke da tsami, irin na gumi. Ana barbaɗa shi a bar shi kwana biyu a zuƙe, ko kuma a ɗaure shi cikin tsohuwar safa, wanda ya fi aminci domin ragowar garin yana karce fenti. Gawayi ya fi shi faɗin aiki. Wanda aka sarrafa musamman domin tace iska da ruwa yana da ramuka ƙanana marasa adadi, har faɗin cikin giram guda yana haura murabba'in mita 500, wato kimanin giram 15 sun kai filin ƙwallon ƙafa. A cikin waɗannan ramuka warin ke maƙalewa. Gawayin girki bai kai shi ƙarfi ba, amma yana aiki idan aka farfasa shi da yawa, aka ɗaure cikin ƙyalle mai kauri don kada ya yi baƙi. A cika sauran wurin da dunƙulallun tsofaffin jaridu, a rufe akwatin, a riƙa canza su duk bayan kwana uku ko huɗu. Fumfuna mai sauƙi takan tafi cikin mako biyu, ƙaurin taba yana iya cin wata guda ko fiye.

Hanci yana saurin sabawa da wari, don haka mai aikin shi ne mafi raunin alƙali. Gwajin da ya fi inganci shi ne a kwashe komai, a sa farin ƙyalle mai tsabta, a rufe kwana biyu, sannan a fitar da ƙyallen waje a ba wani ya shinshina.

Idan warin ya ƙi tafiya

Idan bayan zagaye biyu ko uku yana dawowa, tushensa yana ƙarƙashin ƙyallen. Masu gyaran kujerun kushin suna iya ɓare tsohon ƙyalle da soso, a kankare gam, a goge katakon da sandar fefa, a shanya, a shafe shi da shelak domin toshe ragowar warin, sannan a shimfiɗa sabon soso da ƙyallen auduga. A nemi gam mai haɗin ruwa. Idan da mai ƙarfin warin nan na masu takalma aka yi, a bar akwatin a buɗe na makonni kafin jita ta shiga, kuma kada leda ko roba ta taɓa jikinta kai tsaye, domin suna narkar da fentin naitiroselulos.

Akwatin da falankinsa ya kumbura ya rabu ɓawo-ɓawo, ko ya yi laushi da baƙi, ya gama aiki. Kuɗin gyaransa zai wuce darajarsa.

Jitar kanta, da tarkon hunturu

Cikin jita ta katako ba a shafa masa fenti, don haka yana shan wari ta bakin ramin sauti. A zuba busasshiyar shinkafa kamar cikin hannu, a girgiza a hankali, a zazzage, za ta fito da ƙura da saƙar gizo. A rataya ƙunshin gawayi a ciki, a ajiye jitar a inuwa mai iska. Ba a shanya jita a rana, ba a kuma goge ta da sifirit.

A nan ne yanayin Arewa ke zama aboki da abokin gaba a lokaci guda. Da hunturu danshin iska a Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa da busar da akwati. Amma masu ƙera jita irin Taylor da Martin suna ba da shawarar ajiye ta a danshin kashi 45 zuwa 55. Idan iska ta bushe fiye da kima katako yana tsukewa, fuskar jita ta tsage, jakin da ke riƙe tsirkiya ya ɗago. Makaɗa kan magance haka da jiƙaƙƙen soso cikin gidan sabulu mai huda, a ajiye cikin akwatin. Dabara ce mai kyau, sai dai wanda ya manta da soson har damina ta faɗi ya sake gayyato fumfunar da ya kora. Ƙaramin ma'aunin danshi mai batir yana warware wannan: ƙasa da 40 a sa soso, sama da 60 a cire shi a sa ƙunshin silika, a kuma ɗaga akwatin daga kan siminti.

Haƙƙin mai saye

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta a bayyana wa mai saye cewa kaya na hannu ne ko gyararre, ta kuma ba shi damar duba kaya kafin ya biya. A aikace, cinikin gwanjo ba rasit ba alkawari, kuma da wuya matashi ya kai ƙara kan akwati. Kariyarsa ta gaskiya tana bakin shago.

Akwatin da aka baje a buɗe ya riga ya sha iska, don haka a nemi a rufe shi na ɗan lokaci, sannan a buɗe a shinshina nesa da janareta. A danna ƙyallen da yatsa a ji ko akwai sanyi ko danƙo, a duba tsatsa a hinjis da maɓallai, domin ita ce shaidar ruwan da ya taɓa shiga. Ƙamshin turare mai ƙarfi a tsohon akwati dalilin tambaya ne. Wari kuma hujja ce ta neman ragi, tunda mai saye ne zai yi makonni yana gyara. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma babu dalilin da zai sa ta zo da ciwo.

Sauran nauyin yana kan hukumomi. Shekaru bayan umarnin NAFDAC na 2019, samun fiya-fiya a unguwa ya fi sauƙi a kan samun gawayin tace iska, kuma ana sayar da kafur a tire ɗaya da kayan jarirai ba tare da wani gargaɗi ba. Muddin haka lamarin yake, matashin da ya buɗe akwatinsa ya ji wari zai ci gaba da miƙa hannu ga abin da ya fi kusa da shi.